Ƙamusun Hornby, Gwanin Ƙananan Kalmomi

Da wuya ka shiga ɗakin malamai a wata sakandare ta Kano ko Zariya ko Sakkwato ka rasa kwafin Oxford Advanced Learner's Dictionary a kan teburin malamin Turanci. Wani sabo ne fil, wani kuwa bangonsa ya ɓalle an liƙe da salatif, gefen shafukansa ya yi baƙi saboda yawan buɗawa. Haka za ka same shi a ofisoshin 'yan jarida, da ɗakunan kwanan ɗaliban jami'a, da gidajen tsofaffin ma'aikata. An sayar da kwafinsa sama da miliyan 30 a duniya. A wajenmu har ya kai in an ce wa yaro ya ɗauko ƙamus, ba ya tambayar wanne.

Sai dai mallakar littafi daban, cin moriyarsa daban. Yawancinmu ba ma buɗe shi sai mun ci karo da wata doguwar kalma a jarida, ko muna neman wadda za mu jefa a wajen muhawara don a ce wane ya sha boko. Mu karanta layin farko na ma'ana, mu rufe. Da haka muke tsallake ainihin abin da aka rubuta littafin dominsa. Gwanintar wannan ƙamus tana wajen ƙananan kalmomin yau da kullum, irin su "get" da "take" da "put" da "make", waɗanda kowa ke ganin ya san su, alhali su ne ke kayar da mai koyo a rubutu da magana. A nan ya cancanci yabo, a nan kuma ya kamata a auna shi.

Malamin aji ne ya rubuta shi

An haifi Albert Sydney Hornby a garin Chester na Ingila a 1898. A 1924 ya tafi Japan domin koyarwa a wata kwalejin kasuwanci da ke Oita. Can ya tarar da ɗalibai masu karanta manyan littattafan adabin Turanci, amma haɗa jimla mai sauƙi da bakinsu ko da alƙalaminsu yana ba su wuya. Daga baya ya koma Tokyo ya yi aiki da Harold Palmer, wanda ya daɗe yana nazarin yadda kalmomin Turanci ke tafiya da junansu da yadda aikatau ke gina jimla. Hornby ya haɗa kai da wasu malamai biyu, E. V. Gatenby da H. Wakefield, suka tsara ƙamus. Maɗaba'ar Kaitakusha ta fitar da shi a Tokyo a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Japan da Birtaniya suna gaba da juna. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta sake buga shi a 1948. Bugu na biyu ya fito a 1963, na uku a 1974, aka yi ta sabunta shi har bugu na goma a 2020, mai ɗauke da kalmomi sama da 60,000 da jimlolin misali sama da 100,000. Hornby ya rasu a 1978, bayan ya kafa gidauniya a 1961 wadda ke amfani da kuɗin littattafansa wajen horar da malaman Turanci daga ƙasashe masu tasowa.

Wannan tarihi shi ne mabuɗin fahimtar littafin. Yawancin ƙamusoshin Turanci na wancan zamani domin 'yan harshen aka rubuta su. Baturen da ya buɗe ƙamus ya riga ya sha Turanci a nono. Abin da yake nema shi ne yadda ake rubuta wata kalma, ko asalinta, ko ma'anar wadda ba a cika ji ba. Baƙon harshe kuwa tambayoyinsa daban ne. Wannan suna yana da jam'i? Wace kalma ce ke bin wannan aikatau? A gaban manya ake faɗin wannan ko a tsakanin abokai? A wace gaɓa ake danna murya? Hornby ya ji waɗannan tambayoyi daga bakin ɗalibai a aji, ya gina littafinsa a kansu. Sanin sunan kuka da daddawa da barkono ba shi ne iya miya ba, kuma shi girkin yake koyarwa.

Inda gwanintar take

A ɗauki kalmar "advice". A Hausa muna da shawara, muna da shawarwari. Muna da bayani, muna da bayanai. Don haka ɗan Bahaushe ba ya ganin laifi in ya rubuta "advices" ko "informations", domin hankalinsa ya bi tsarin harshensa ne, kuma tsarin daidai yake a can. Ƙamusun da zai ce masa "advice" ita ce shawara ya yi shiru, bai raba shi da kuskuren ba. Shi kuwa wannan, kafin ma ya faɗi ma'ana, sai ya sa harafin U a gaban kalmar, alamar cewa ba a ƙirga ta, ba ta ɗaukar jam'i. Sannan ya kawo jimlar da ke nuna yadda ake cewa in shawara guda ɗaya ake nufi. Haka ya yi wa "furniture" da "luggage" da "equipment". Wannan rarrabewa tsakanin suna mai ƙirguwa da marar ƙirguwa tana cikin abubuwan da Hornby ya shigo da su tun bugun farko, kuma yau babu ƙamusun masu koyo da bai kwaikwaye ta ba.

Sai batun kalmomin da ke tafiya tare. Aikatau ɗaya, "yi", ya ishi Bahaushe: ya yi kuskure, ya yi aikin gida, ya yi alkawari, ya yi ciniki. Turanci ya raba wannan aiki tsakanin "make" da "do", kuma babu wata ƙa'ida da za ta fitar da mutum a kowane lokaci. Kuskure da alkawari na "make" ne, aikin gida da kasuwanci na "do". Haka "sha": muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha mangwaro, wani ya sha taba. A Turanci ruwa ne kaɗai ya tsira da "drink". Ƙwayar magani ta koma "take", mangwaro "eat", taba "smoke". Irin wannan ba a gane shi daga ma'ana, sai daga abokan tafiyar kalma. Shi ya sa jimlolin misalin ƙamusun suka fi bayanin ma'anarsa daraja. A cikinsu ake rubuta kalmomin da suka saba haɗuwa da baƙin rubutu mai kauri, yadda ido zai faɗa kansu ko da mutum yana sauri.

Akwai kuma 'yan akwatunan bayani da aka warwatsa a cikin littafin domin kalmomin da ke rikita mai koyo. Na "borrow" da "lend" kamar don mu aka yi shi. Hausa ba ta damu da raba mai bayarwa da mai karɓa da kalmomi biyu ba: na ari littafi, ya ara mini littafi, tushen ɗaya ne. Abin da ta damu da shi shi ne ko abin da kansa za a mayar, wato aro, ko madadinsa, wato rance. Turanci bai kula da wannan ba, shi alƙiblar kayan yake dubawa, daga wa zuwa wa. Daga nan ne "borrow me your biro" ta samo asali a azuzuwanmu. Akwatin ya warware matsalar da gajeren bayani da misalai. A ƙarƙashin "discuss" ma akwai gargaɗin cewa ba ta ɗaukar "about" a bayanta, kuskuren da ake ji har a bakin masu digiri.

Wanda yake son ganin ƙarfin littafin a wuri ɗaya ya buɗe "get". Ma'anoninta sun haura 20: samu, karɓa, saya, isa wuri, zama, kamuwa da ciwo, fahimta. Tun daga bugu na shida, na shekarar 2000, aka riƙa sa ɗan kanu a kan kowane rukunin ma'ana domin mai nema ya tsallaka kai tsaye zuwa wadda yake so. Bayan an gama da ma'anoni sai a jero maganganun azanci, sannan aikatau masu jela, wato waɗanda ƙaramar kalma ke biyo su ta juya musu ma'ana gaba ɗaya. Wanda ya san "put" da "up" da "with" ɗaya bayan ɗaya ba zai taɓa cankar cewa in sun haɗu haƙuri da abu suke nufi ba. Hirar Turawa ta yau da kullum cike take da irin waɗannan. Shi ya sa za ka ga mutum yana karanta sharhin jarida ba gargada, amma in ya zauna kallon fim rabin zancen na wuce shi.

Ba a rana ɗaya littafin ya kai haka ba. Hornby ya kasa aikatau na Turanci gida 25 gwargwadon irin jimlar da kowanne ke ginawa, ya ba kowane gida lamba. A tsofaffin bugu sai ka ga lambobi da haruffa jere a gaban kalma, sai ka koma gabatarwar littafin kafin ka san abin da suke nufi. Ilimin na nan, amma mutum nawa ne za su yi wannan zirga-zirga? Editocin da suka gaje shi sun yi abin da ya dace: suka zubar da lambobin, suka riƙa rubuta tsarin jimlar a fili kusa da misalinsa. Yanzu da kallo ɗaya za ka ga cewa "enjoy" tana son aikatau mai ƙarewa da "-ing" a bayanta, "want" kuwa tana son "to".

Wani abin yabon shi ne taƙaita kalmomin da ake bayani da su. Ba Hornby ne ya fara wannan dabara ba. Michael West, wanda tsofaffin 'yan makaranta a Nijeriya ba za su manta da ƙaramin ƙamusunsa ba, ya fitar da nasa a 1935 yana bayyana komai da kalmomi 1,490 kacal. Longman ya biyo baya a 1978 da kalmomi kusan 2,000. Oxford ya makara kafin ya bi sahu, amma da ya shigo ya yi da kyau. A bugu na bakwai, na 2005, ya fito da jerin kalmomi 3,000 mafi amfani, ya sa musu alamar ɗan makulli, ya kuma riƙa rubuta bayanan ma'ana da su. Daga baya aka ƙara wasu 2,000 domin waɗanda suka yi nisa. Ga mai koyo wannan babban sauƙi ne. An nuna masa inda zai fara zuba ƙarfinsa, maimakon ya kama haddar kalmomi daga harafin farko ya gaji kafin ya kai na uku.

Furuci, sashen da aka fi tsallakewa

Nan da nan bayan kowace kalma akwai wasu 'yan alamomi tsakanin karkatattun layuka biyu. Yawancin masu buɗe littafin ba sa ko kallonsu, alhali a wajen Bahaushe sun kai ma'anar muhimmanci. Dalili kuwa shi ne rubutun bokon Hausa ya saba mana da gaskata harafi: abin da ka gani shi za ka faɗa. Turanci ba ya riƙe wannan amana. Haruffansa 26 ne, sautukansa kusan 44. Haruffa huɗun da ke ƙarshen "though" da "through" da "tough" da "cough" iri ɗaya ne, amma furuci huɗu ne mabambanta. Akwai "b" a "debt" da "plumber", akwai "p" a "receipt", akwai "t" a "listen", akwai "w" a "sword", kuma duk ba a faɗinsu. Wanda ya koyi kalma daga takarda kawai zai yi shekaru yana furta haruffan da masu harshen ba sa furtawa. Alamomin nan su ne ke faɗa masa gaskiyar abin da kunne zai ji.

Matsalolinmu sanannu ne, kuma kalmomin da muka ara sun nuna su. Hausa ba ta raba "p" da "f", shi ya sa muke da fasinja da fetur da famfo da fenti. Ba ta da "v", shi ya sa muke da direba da talabijin. Ba ta son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma ba wasali a tsakaninsu, shi ya sa muke da burodi da birki da firamare. Waɗannan kalmomin Hausa ne cikakku, babu abin gyara a jikinsu. Rikicin yana tasowa ne in an koma Turanci da wannan baki, inda "pull" da "full", ko "copy" da "coffee", ko "boat" da "vote" suke rikiɗewa su zama abu ɗaya. Maganin a leɓe yake. Wajen "p" leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe da iska. Wajen "f" da "v" haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa. Tamu "f" ɗin da leɓɓa biyu ake yin ta, don haka take zaune a tsakani, ba ta zama wannan ba, ba ta zama waccan ba.

Sai dai muna da jari biyu da ba kowane mai koyo ke da su ba. Na farko, sautuka biyun da ake rubutawa da "th", na "think" da na "this", waɗanda ƙamusun ke nunawa da /θ/ da /ð/, su ne sautukan haruffan Larabcin nan biyu, ث da ذ. Duk yaron da malamin tajwidi ya sa ya fito da kan harshensa tsakanin haƙora a Islamiyya ya riga ya mallake su. Abin da ya rage a gaya masa cewa abin da yake yi da yamma a gaban alaramma shi ake nema da safe a ajin Turanci, sai "think" ta daina zama "sink". Na biyu, kunnenmu ya saba da tsawon wasali. Mun san garin da ake zama a cikinsa daban yake da garin da ake tuwo da shi, ko da rubutu bai nuna ba. Ƙamusun yana sa ɗigo biyu a bayan dogon wasali, don haka bambancin "ship" da "sheep", ko "full" da "fool", ba baƙon abu ba ne a wajenmu, duk da cewa a Turanci ba tsawo kaɗai ke raba su ba, har da yanayin buɗa baki.

Inda aiki yake shi ne yawan wasulan da kuma danna gaɓa. Hausa na da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye irin "ai" da "au". Turancin Ingila da ƙamusun ke nunawa yana da kusan 20. "Cat" da "cut" da "cart" uku ne a can, a bakin da yawa daga cikinmu kuwa ɗaya ne. Sannan Hausa da karin sauti take aiki, hawa da saukar murya a kan kowace gaɓa, kowace kuma a ba ta haƙƙinta. Turanci gaɓa ɗaya yake dannawa ya murƙushe sauran, wasalinsu ya koma wani ɗan raunannen sauti da ake rubutawa /ə/, wanda ya fi kowane wasali yawa a harshen. Ƙamusun yana sa ɗan tsayayyen layi a sama kafin gaɓar da za a danna. Da shi za ka ga "record" in suna ce a farko ake dannawa, in aikatau ce a ƙarshe, ka kuma ga yadda nauyin ke tashi daga gaɓar farko a "photograph" ya koma ta biyu a "photographer". Sau da yawa kuskuren danna gaɓa ya fi kuskuren baƙi hana a gane mutum.

Ɗalibanmu suna haɗuwa da waɗannan alamomi a jarrabawar WAEC, a takardar gwajin furuci, wadda da fensir ake amsa ta ba da baki ba. Sakamakon haka yaro kan haddace alama ya ci maki, bakinsa bai taɓa gwada sautin ba. A nan sigar ƙamusun ta waya da ta intanet ta cike giɓin da takarda ba za ta iya cikewa ba: ka taɓa kalma ka ji ta da muryar Ingila, ka sake taɓawa ka ji ta da ta Amurka. An ce gani ya kori ji, amma a fagen furuci jin ne gaba.

Inda ya gaza

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abu na farko, sunan littafin bai ɓoye komai ba: domin waɗanda suka yi nisa aka yi shi. Amma a wajenmu shi ake sa wa a jerin littattafan ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, yaron da bai mallaki kalmomi 3,000 da ake bayanin da su ba. Ya nemi kalma ɗaya ya tarar da uku da bai sani ba a cikin bayaninta, ga gajerun alamomi irin "sb" da "sth" da ba wanda ya fassara masa. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Maɗaba'ar tana da ƙananan ƙamusoshi domin masu farawa, kuma su ya kamata iyaye da malamai su fara nema. Rabin laifin namu ne, amma littafin ma bai yi wani ƙoƙarin a zo a gani ba wajen jan sabon shiga a hankali zuwa ga alamominsa.

Na biyu, bayani da Turanci zalla yana da iyaka. A kan "get" da "make" babu kamarsa. A kan sunayen itatuwa da dabbobi da cututtuka da kayan aiki kuwa, doguwar hanya yake bi. Yaro zai karanta cewa "tamarind" wata itaciya ce ta ƙasashe masu zafi mai 'ya'ya a cikin kwanso, ya gyaɗa kai ya wuce, bai san tsamiyar da ke ƙofar gidansu ake nufi ba, wadda ake kaɗa kununta kowace safiya. Haka "measles" da ƙyanda, "guinea fowl" da zabo, "sorghum" da dawa. Kalmar Hausa guda ɗaya ta fi layi uku na bayani. Malaman da ke hana yara duba ƙamusun Turanci da Hausa, wai don kada su lalace, suna hana su gajeriyar hanya ce a inda babu wani amfani a doguwar.

Na uku, furucin wa ake koyarwa? Littafin ya tsaya a kan biyu, na masu ilimin kudancin Ingila da na Amurka. Wanda zai yi aiki a Abuja ko Legas ko Akara, da 'yan Afirka zai fi yin magana, kuma abin da yake buƙata shi ne a gane shi ba tare da an ce ya maimaita ba. Raba "p" da "f" dole ne, domin ma'ana na sauyawa. Murɗe baki don a yi kama da mai karanta labarai a Landan ba dole ba ne. Ƙamusun bai bambance wa mai karatu wanne ne farilla wanne ne nafila ba. Gaskiya ne sababbin bugu suna shigo da wasu kalmomin Turancin Afirka ta Yamma da alamar da ke nuna yankinsu, kuma babban yayansa, Oxford English Dictionary, ya karɓi kalmomin Nijeriya 29 a Janairun 2020, har da "Kannywood" da "okada". Duk da haka rayuwar da ke cikin jimlolin misali, gidajenta da abincinta da yanayinta, ta Ingila da Amurka ce.

Sai ƙorafin da kowa ya sani: rubutun ƙanana ne ƙwarai, littafin da nauyi, na ainihi da tsada. Tsadar ce ta buɗe ƙofa ga na jabu, masu dusasshen tawada, inda ɗigo biyun dogon wasali da ɗan layin danna gaɓa kan ɓace, wato daidai abin da aka fi buƙata. Kuma ba shi kaɗai ne a fage ba. Collins COBUILD, wanda ya fito a 1987 ƙarƙashin jagorancin John Sinclair a Jami'ar Birmingham, yana bayyana ma'ana da cikakkiyar jimla kamar malami na magana, kuma wasu ɗalibai sun fi jin daɗin hakan. Bayanan Longman su ma sukan fi sauƙi a wurare da dama. Abin da ya riƙe wa Oxford matsayinsa shi ne daidaito: ma'ana da nahawu da furuci da misali, kowanne ya samu rabonsa a ƙaramin fili.

Abin da ya rage mana

Hausa ba matalauciya ba ce a fagen ƙamus. Akwai na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner na 1965, da na Turanci zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta fitar a 1990. Ayyuka ne masu nauyi, amma in ka cire na Skinner, akasarinsu sun fi amfanar mai nazarin Hausa da mai fassara. Abin da ake buƙata yanzu shi ne wanda zai ɗauki tsarin Hornby gaba ɗaya, da alamomin furucinsa da misalansa, ya ƙara fassarar Hausa a gefen kowace ma'ana, da akwatunan gargaɗi da aka rubuta musamman domin kurakuran Bahaushe. An yi wa masu jin Sinanci irin wannan da shi wannan ƙamus ɗin, an yi wa masu jin Larabci da ƙaninsa. Masu jin Hausa sun kai miliyoyi da dama a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu, kuma a sassan Turanci da na harsunan Nijeriya a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo akwai masanan da za su iya aikin.

Kafin a samu wannan, ƙamusun Hornby ya cancanci kuɗinsa ga duk wanda ya wuce matakin farawa, da sharaɗin a canza yadda ake buɗe shi. Malami ya ware darasi biyu ko uku a farkon zango ya koyar da alamomin furuci da gajerun alamomin nahawu, da baki, yara suna maimaitawa. Mai koyo da kansa ya riƙa duba kalmomin da yake ganin ya sani, ya karanta misalan da ƙarfi, ya kwafi jimla sukutum a littafinsa maimakon kalma tsirara, ya ajiye ƙamusun Turanci da Hausa a gefe domin sunayen abubuwa. Kalmomi biyar a rana ta wannan hanya sun fi hamsin da aka haddace daren jarrabawa.